Ɗigon Malam Armiya'u

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Mai unguwarmu, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban makarantar da marigayi ya koyar, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobin tashar Kaura, sannunku da zuwa. Hajiya Saliha, mahaifiyar Malam Armiya'u, sannu Inna. Saude, mai ɗakinsa, sannu da haƙuri. Nadiya, ɗiyata, ɗago kanki, yau maganar babanki za a yi.

Sunana Labbo, tela ne ni a bakin kasuwa, kuma tare muke hawan keke da marigayi. An ce in yi magana a madadin jama'a. To, ina jama'ar? Ku dubi tabarmin can baya, wallahi rabinsu ba kowa. Mutumin da ya koya wa rabin yaran unguwar nan karatu! Duk mun san abin da ya hana su zuwa, kalma ɗaya ce, kuma ba zan sauka daga nan ba sai na faɗe ta. An ce Armiya'u infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labari.

Bari in faɗa muku abin da yake yi a daji, tunda da yawanmu dariya kawai munka yi masa, ba mu tambaya ba. Akwai wani wasa da mutane ke yi a duniya, shi a waya ya tsinto shi. Kowace safiya wani lissafi na intanet yana jefa ɗigo ɗaya a kan taswirar kowane yanki. Ba wanda ke zaɓen wurin. Yau ya faɗa cikin gulbi, gobe bayan gidan wani. Aikinka ka isa wurin a ranar, ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka dawo gida. Ba kyauta, ba kofi. Shi ya kan ce masa jiyohashin, mu kuwa da bakinmu ya kasa, sai munka ce ɗigon Armiya'u.

Ya kasance mutum mai neman izini. Ran da na fara bin sa, ɗigon ya faɗa cikin gidan wata tsohuwa a wajen Kasuwar Daji, daidai akurkin kajinta. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya ce, "Inna, don Allah ki bar ni in tsaya kusa da kajinki kaɗan." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, lafiyarka ƙalau?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna, sai dai abokina wanga ya fi ni buƙatar addu'a." Ni ke nan, ina jingine da bango ina haki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta dama mana fura. Tun daga ranar duk sa'ad da ya bi ta nan sai ya kai mata maganin ciwon ƙafa.

Ya kasance mutum mai taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. Da hanyoyi sunka lalace na ce masa, "Malam, bar dajin nan, ba namu ba ne yanzu." Ya ce, "Labbo, kowa a ƙasar nan in ka gan shi a kan hanya gudu yake yi. Ni ina son in je wuri don na ga dama, ko sau ɗaya a wata." Na ce za ka kashe kanka. Ya ce in duba masa iskar tayar baya.

Ya kasance mai kawo labari, i, na yarda. Amma wa yake kawo wa? Ku tambayi 'yan gudun hijira da ke zaune a kangayen Kaura. Da ya dawo sai su kewaye keken: Malam, ka bi ta garinmu? Rijiyar na nan? An ƙona rumbuna? Ga Baba Lado can zaune, wanda ya baro ƙauyensu na wajen Shinkafi da rigar jikinsa. Armiya'u ya nuna masa hoton tsamiyar ƙofar gidansa, tana nan da ganyenta. Tsohon nan ya riƙe wayar da hannu biyu yana kuka, yana cewa, "Ashe ba su sare ta ba." Baba Lado, in ƙarya nake yi, tashi ka ƙaryata ni.

Ranar da abin ya faru ina kasuwar Shinkafi sayen yadi. Ɗigon ya faɗa bayan Zurmi, ta hanyar Gurbin Bore, cikin wata gonar gero. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Abin da zan faɗa, daga bakin Limaminsu na ji shi, shi kuma daga bakin waɗanda sunka gani, ga shi nan zaune a gefen Mai unguwa. Shi ya turo keken da kansa har ƙofar Saude, Allah ya saka masa.

Kwanaki kaɗan kafin nan an shiga ƙauyen, an kashe musu mutane, an tafi da matansu. Armiya'u bai sani ba. Ya jingine keke a bakin gona, ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya shiga cikin geron. Wanda ya taɓa bin sa ya san yadda ake yi in an kusa: ka ɗaga waya, ka yi gaba, ka dawo baya, ka karkata dama, har lambar da wayar ke nunawa ta daidaita da ta ɗigon. Mu dariya abin yake ba mu. Su kuwa abin da sunka gani, baƙo ne a bayan garinsu yana auna hanya da waya. Wata mata ta kwarma ihu, ta kira kalmar nan, samari sunka fito da sanduna.

Sunka ce me kake yi a nan? Jama'a, da ya ce bayan gida ya zaga, da watakila yana cikinmu yau. Amma Armiya'u bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Wasa ne." Wani da aka binne ƙanensa shekaranjiya ya ce, "Da ranmu kake wasa?" Kafin Liman ya iso daga masallaci, an gama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina jin haushinsu, wallahi ina ji. Amma in na tuna gawawwakin da sunka binne, sai in rasa wanda zan kama. Tsoro ya kai mu inda malamin makaranta da keke ya zama abokin gaba. Wayyo ƙasarmu! Ina za mu sa kanmu?

Su can tsoro ya rufe musu ido. Mu nan Kaura da munka san shi, mene ne namu uzurin? Saude na soya awara a ƙofar gida tun kafin a haifi Nadiya, yanzu sai ta huce a faranti ba mai saye. Nadiya ta daina zuwa makaranta, makarantar da ubanta ya koyar, saboda yara na kiranta ɗiyar infoma. Yara ba su ƙirƙiro kalmar nan ba, a gidajenmu sunka ji ta.

Inna, ki gafarce mu, ɗanki na kirki kika haifa. Saude, kar ki tattara kayanki ki bar garin nan, na ji kina shiri, don girman Allah ki dakata. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, ba mu roƙon a kama kowa. Ka faɗa da bakinka a gaban mutane cewa Armiya'u ba infoma ba ne, a maimaita a masallatan Juma'a. Ba mu da ƙarfin komai, sunan Armiya'u kaɗai ya rage mu tsamo.

Jiya Nadiya ta tambaye ni, "Baba Labbo, ya kai ɗigon kuwa?" Na tambayi Liman, ya ce a nan inda yake gaba da baya ya faɗi. Na ce mata ya kai.

Na gyara keken, na sa masa sabuwar taya. Gobe da safe zan ɗauki Nadiya a bayansa, mu ratsa tsakiyar kasuwa har ƙofar ajinsu. Wanda ya yarda da abin da na faɗa, ya fito ya bi mu a ƙasa. In ba wanda ya fito, mu biyu za mu tafi.

Na gode wa duk wanda ya cire tsoro ya zauna a tabarmar nan. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Ya Allah, ka kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ka ba Inna da Saude haƙuri, ka raya Nadiya da sunan ubanta a wanke. Ya Allah, bawanka Armiya'u ya fita neman ɗigo, ya iske wanda ka ajiye masa tun kafin a haife shi. Ka yalwata masa shi, ka haskaka shi, ka sa ya tashi a cikinsa ba mai tuhumarsa. Amin.