Hujin Kafaɗar Hotaru

A jirgin ƙasa mai shiga Tokyo, Hotaru ta farka daga gyangyaɗi ta ga wata tsohuwa tana tsinke zare da haƙori a kafaɗarta.

"Wayyo Kaka! Me kika yi?"

"Hujin nan na ɗinke miki. Budurwa kamarki da yagaggiyar riga?"

"Ɗinkin marigayiya Tsuyuki ne fa! Ita ta koya wa duniya cewa yagewa ma ado ce. Yau zan nemi aiki a gidan ɗinkinta, ga shi kin kashe ni!"

"Tsuyuki? Matar da ko almakashi ba ta iya riƙewa ba?"

"Kin san ta ne?"

"Shekara talatin ina ɗinka mata riguna tsaf, ta ce in yaga. Tun lokacin hannuna ke ƙaiƙayin ɗinke duk hujin da na gani."

Hotaru ta miƙa kafaɗa, idonta taf da hawaye. "Kaka, ki rufa min asiri."

Tsohuwar ta zaro almakashi tana ƙunshe dariya. "Tsaya cak. Wancan hujin ma 'yar koyo ce ta yi shi. Yau za ki shiga da na gaske."