Maharazu Tambaya, Wanda Ya Kwanta a Timiya

Jawabin Iliyasu Uba, sakataren ƙungiyar manoman rani, a taron addu'ar marigayi Malam Maharazu Tambaya, Kura, Yuni 1986.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya ja zamani. Dagatanmu da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai. Shugabannin manoma na Kura da Kadawa da Bunkure. Inna Mairama, mahaifiyar marigayi. Malama Zuliha, maiɗakinsa, da 'ya'yansa Ummulkhairi da Lukmanu. Baƙonmu Malam Ibrahimu, wanda ya taso tun daga Timiya ta ƙasar Nijar. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

An ce in yi magana don ni ne abokinsa tun muna kiwon awaki. Ban so ba. Amma mun taru ba mu wanke Maharazu ba, ba mu ɗauki makararsa ba, ba mu zuba masa ƙasa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu faɗi wanda muka rasa.

Ya kasance mai buɗe ƙofar ruwa a babban kanal ɗinmu, magudanar da ke shayar da gonakinmu, shekara goma sha ɗaya. Duk manomin da ke nan ya san nauyin wannan aiki. Wanda gonarsa take ƙarshen layi, shi ruwa yake riska a ƙarshe, in ya riske shi ke nan. Maharazu yakan taka da ƙafa har ƙarshen layin ya ga ruwa ya shiga gonar mai ƙaramin ƙarfi kafin ya juya. Ni kaina na taɓa roƙonsa ya ƙara mini rabin yini saboda tumatirina ya fara laushi. Ya ƙi. Na yi kwana uku ba na gaishe shi, shi kuwa kullum sai ya tsaya ƙofar gidana ya yi sallama.

Ya kasance matafiyi, kuma irin tafiyarsa ba mu taɓa gane ta ba. Da an gama girbin alkama an rufe ruwa, sai ya rataya jakarsa da butarsa, shi kaɗai, ya tsallaka iyaka. Ba fatauci yake zuwa ba, ba kuma manyan birane yake nema ba. Ƙauyuka yake bi. Ya je Rumsiki a Kamaru, ya dawo yana ba mu labarin duwatsu tsaye kamar turmi a kife, da bukkoki a maƙale jikin tudu. Ya je ƙauyukan masunta a bakin kogin Kwara. Ya je Timiya, inda ya ce ya ga lambun lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙin dutse, raƙumi na jan guga daga rijiya. Mukan yi masa dariya a majalisa, mu ce Tambaya ya tafi kallon gonar wasu. Sai ya yi murmushi ya ce mu ma wata rana wani zai zo kallon tamu.

Ya kasance mai girki, kuma bai ji kunyar hakan ba. Yakan dawo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana kowa sha'awar tuwo. Sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya yanka tumatir da albasa, ya daka ƙuli-ƙuli, ya ɗiga man gyaɗa da lemon tsami, ya kwaɗa da zogale. Ya dama fura da dabino da cuku yadda ya koya a Timiya. Ya binne kwaɓin alkamarmu a yashi mai zafi, ya tono gurasa yana kaɗe ta da hula. Malama Zuliha takan aiko masa da tulun kunun tsamiya, tare da saƙon cewa gishirinsa ya yi yawa. Duk wanda ya bi ta hanyar sai an kira shi. Da yawa a cikinmu nan mun ci, muna ci muna yi masa tsiya.

Sai shekarar fari, shekara biyu da suka wuce, ta nuna mana amfanin yawonsa. Mutanen arewa suka gangaro, dabbobinsu sun ƙare. Wata ranar kasuwar Bunkure Maharazu ya hangi wani mutum zaune da iyalinsa a gefen hanya, ya gane Malam Ibrahimu, wanda ya taɓa saukar da shi a Timiya ya ciyar da shi kwana tara. Ya kawo su gida su bakwai. Ya yanka musu rabin gonarsa. Ya bi mu gida-gida har wasu iyalai goma sha huɗu suka sami masauki a ƙauyukanmu. Da wani ya yi ƙorafi a taron ƙungiya, ya miƙe ya ce: "Na ci abincin mutanen nan ba su san sunan ubana ba. Ba zan tambayi sunan nasu ba."

Bara, da ruwa ya sauka, suka koma gida. Bana ya ce zai je ya ga yadda lambunsu ya farfaɗo. Ya zo har gida ya roƙe ni in raka shi, ko sau ɗaya in ga abin da yake gani. Na ce masa ina da buhunan albasa da ban kai kasuwa ba. Albasa, jama'a. Ya ce: "Babu komai, sai na dawo."

Azumi ya kama bai dawo ba. Ruwan farko ya sauka bai dawo ba, shi da bai taɓa bari shuka ta wuce shi ba. Malama Zuliha ta riƙa ajiye masa kwanon buɗa-baki har kwana talatin. Lukmanu ya riƙa zuwa tasha. Kwana uku bayan Sallah, Malam Ibrahimu ya yi sallama a ƙofar gida da jakar Maharazu a kafaɗarsa.

Ya gaya mana cewa Maharazu ya isa lafiya, ya ga lambun ya yi kore, ya yi musu kwaɗo da tumatirin da suka shuka da irin da suka tafi da shi daga nan. A kwana na biyar zazzaɓi ya kama shi. Babu motar da za ta fita sai bayan mako guda, shi kuwa bai kai makon ba. Hankalinsa bai gushe ba har ƙarshe. Ya ce a shaida wa mahaifiyarsa ta yafe masa nisan da ya yi. Sannan ya ce: "Ku gaya wa Zuliha na duba hanyar, mace za ta iya binta. Baɗi na so in kawo ta." Ya cika da kalmar shahada bayan sallar la'asar. Duk mutanen garin suka sallace shi.

Inna Mairama, kin haifi ɗa, kuma a yau muna roƙonki yafiyar da ya roƙa. Malama Zuliha, ba mu da kalmar da za ta kai inda ciwonki yake. Abin da za mu iya faɗa shi ne gonarsa ba za ta kwana babu shuka ba, ƙungiya ta ɗauki noman bana har girbi. Ummulkhairi, Lukmanu, babanku bai mutu a hannun baƙi ba, ya mutu a cikin mutanen da suka ɗauke shi ɗan'uwa. Duk ranar da kuke son ganin kabarinsa, ni zan kai ku, ba zan sake cewa ina da aiki ba.

Malam Ibrahimu, ka bi hanyar kwana da kwanaki da ƙishin azumi don kada mu zauna cikin jira. Mun gode, ka isar da godiyar Kura ga mutanen Timiya. Mun gode wa wakilin Hakimi, da malamai, da duk wanda ya bar gonarsa a wannan lokaci na shuka ya zo.

Ya Allah, bawanka Maharazu ya zo maka baƙo, kai ne mafi alherin masu saukar baƙi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya ƙasar da yake kwance a cikinta. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ko a gida ko a hanya. Amin.

Allah gafarta Malam, a ja mana Fatiha.