Ranar da Inna Kadidiya Ta Naɗe Tabarmarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwar taro Hajiya Fatimata, shugabar ƙungiyar matan lambu. Wakilin magajin garin Tawa. Malamanmu, limamai da fasto. Ma'aikatan likita masu fararen riguna. Iyayenmu mata da suka taso tun daga Bambeye da Takanamat da Kalfu. Da ku 'yan'uwana maza da kuka laɓe can baya gindin bedi kamar an aiko ku neman akuya: ina gaishe ku, babba da yaro, gaisuwa ta ban girma.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu buɗe wannan lambu na itatuwan magani, ina godiya ga ƙungiya da ta sa masa sunan Inna Kadidiya, ina kuma godiya da aka ba ni makirfo. Sunana Almustafa, ɗinki nake yi bakin kasuwa. Lakwal, wato makarantar boko, na yi aji huɗu, mushe malaminmu ya ce in je gida in huta, har yau hutun nake. Wanda duk ya zo jin ilimi, sai ya jira Madam Asabe ungozoma ta tashi. Ni abin da ya same ni zan faɗa, cikin magana uku.

Magana ta farko a kan ganye ce. Shekara sittin Inna Kadidiya tana shimfiɗa tabarmarta ranar Lahadi a kasuwar garin nan. Matan da suka yi wankan jego da sabararta ba su ƙirguwa, masu shayarwar da ta tilasta wa cin zogale ba su ƙirguwa, jariran da ta fara ɗauka kafin ubanninsu su gan su, wasu ga su nan da gemu. Ta san wanda ake tafasawa, ta san wanda ake jiƙawa, ta san wanda mai ciki ba ta kusanta. Ni kaina da ɓawon itacen hano nata aka yi jegona, kun ga kuwa aikin bai ɓaci ba, in aka cire kan.

Magana ta biyu a kan kunya ce, kuma nan ne nawa laifin yake. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a kama sunansa. 'Yata ta fari shekararta talatin da ɗaya, ban taɓa faɗin sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ita da take da 'ya'ya uku a Kalfu. Shekara biyu da suka wuce ta ji wani ƙullutu a mamanta, ba ya zafi, ba ya tafiya. Ta yi wata biyu tana jin kunyar uwarta. Uwar, matata Hawa, ta yi wata guda tana jin kunyata. Da maganar ta iso gare ni, sai na ce a bar mini, ai ni na yi lakwal. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, jama'a, ni kuwa har wuya ya kama ni.

Na tafi wurin Inna, na tsuguna, na ce wata ce ba ta da lafiya.

Ta ce, "Wace wata?"

Na ce, wata dai ta gida.

Ta ce, "Ina ke mata ciwo?"

Na dubi sama, na dubi ƙasa, na nuna wajen aljihun rigata.

Ta ce, "Almustahwa, kai in an kawo maka yadi, kana ɗinka wa wata riga ba ka auna ta ba? Tashi ka kawo min ɗiyar."

Lahadi ta zagayo muka kawo ta. Inna ta ja ta bayan zana, ba su daɗe ba suka fito. Ina jira ta kwance ƙullin garin magani, sai na ga tana naɗe tabarma, da hantsi, kasuwa ta cika, mata na tsaye suna jiranta. Ta ce, "Wanga ba na ganye ba ne. In na ba ku abin shafawa, na ba ku abin ɓata lokaci. Mu tai likita." Ba ta aike mu ba, gaba ta shiga da sandarta muna biye.

A likita, wato asibiti, Madam Asabe ta ɗauki biro, ta dube ni ta ce, "Baba, sunan marar lafiya?" Jama'a, bakina ya ƙi buɗewa. Inna ta juyo ta ce, "In ba ka hwaɗe shi nan ba, rediyo za ta hwaɗe shi cikin sanarwar rasuwa, kana zaune kana ji." Duk da haka na kasa. Inna ce ta faɗa. Aka yi awo, aka tura mu Yamai, aka ce sankarar mama ce, aka yi aiki, aka yi watanni ana magani. Lokotoro, wato dakta, ya ce mun zo da sauran lokaci, amma wata ukun nan da muka ba kunya, ba namu ba ne da za mu bayar.

Magana ta uku gajera ce. Masu magani da yawa sun san abin da ganyensu ke yi. Wanda ya san inda ganyensa ya tsaya, ya kuma faɗa a gaban masu saye, shi ne gwani, kuma irinsa ba su da yawa. Don haka ku shuka zogale, ku shuka sabara, ku ci ku sha ku yi jego lafiya. Amma Madam Asabe ta ce in gaya muku: kowace mace ta riƙa duba mamanta duk wata, in ta ji ƙullutu ko ta ga wani canji, ta nufi likita a makon nan, kada ta jira kaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma na gindin bedi, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. To ni na kwana a barandar likitar Yamai, na tabbata na uba ne, na miji ne, na gida duka ne.

Allah ya ja kwanan Inna Kadidiya, ya sa wa lambun nan albarka, ya ba shi ruwa. Allah ya saka wa ma'aikatan likita, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Saura addu'a guda, ita ce na yi kwana uku ina koyo a gaban keken ɗinki. Ga ta can a layi na biyu, ta rufe fuska da mayafi don ta san abin da zan yi. Allah ya ƙara wa 'yata Raƙiya lafiya. Inna, kin ji? Raƙiya.

Na gode.