Jinin da Na Ɗora wa Saratu

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu mai cetonmu.

Ni ne Dattijo Ishaya. A shekarun tamanin direban roka ne ni, babbar motar kaya, ina ɗauko albasa daga Gummi, in bi ta Bukkuyum da Anka. In zafi ya ishe ni, sai in tsaya bakin gulbi in yi wanka.

Wata safiya na ga jini a ƙarshen fitsarina. Kaina ya kulle. Abokan aiki suka ce ciwon mata ne. To, ni ban taɓa bin mace a waje ba. Daga ina ke nan? Na dawo gida na ɗora wa matata Saratu.

Ta ce, "Baban Talatu, ni kake faɗa wa haka?"

Na ce ta tafi gidansu. Ta tafi. Allah ya gafarta mini!

Jinin bai tsaya ba. Na sha jiƙo, na sha allura, sai rama nake yi. Ran nan a hanyar Anka na kifa kai a sitiyari na ce, "Yesu, ban san abin da ke cina ba. Ka nuna mini."

Da na isa Bukkuyum, wata tsohuwa mai tuwo da nake saye wurinta ta ce, "Direba, mi as same ka?" Wahala ta cire mini kunya, na faɗa mata. Ta yi dariya.

"Wagga ai tsargiya ta, ɗana. Gulbi kake shiga? Ɗiyanmu duk suna yin ta."

"Inna, ruwan nan garau da shi?"

A asibiti suka auna fitsarin, suka ce ƙwan wata tsutsa ne da ke fitowa daga katantanwar gulbi ta shiga ta fata. Har yau ban gane yadda abin da ido ba ya gani zai huda mutum ba. Amma na sha magani, na warke. Halleluya!

Na je na durƙusa gaban Saratu. Ta ce, "Mai tuwon hanya ka yarda da ita. Ni da na shekara tara ina tuƙa maka, ba ka yarda da ni ba."

Duk da haka ta dawo, ga ta can zaune cikin zumuntar mata.

Na gode wa Ubangiji. In kanku ya kulle, ku dogara gare shi, ku tambaye shi kafin ku nuna wa wani yatsa. Amin.