Sukarin Inna Ba Shi Ya Ɓata Gilasaina Ba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro Malam Gwadabe, ranka ya daɗe Dagaci, malamaina, iyayena maza da mata na Taura, ina gaishe ku.

Na gode wa ƙungiyar ɗalibai da ta karrama mu da muka gama jami'a bana. Abu biyu zan faɗa.

Na farko, aikin da na yi. Akwai wani farin gari, titaniyam dayoksaid, irin na cikin farin fenti. Ana shafa shi a kan gilashi, a gasa da zafi digiri ɗari huɗu da hamsin, minti talatin. Sai ya kama, ya bar ƙofofi ƙanana kamar na soso. Ƙofofin nan su ke shan rini, rinin ya kama hasken rana, a sami lantarki. Ni da zoɓo na rina. Ƙarfin lantarkin da na samu bai kai rabin bolt ba, ba zai kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Na biyu, kuma shi ya tsayar da ni a nan. Lokacin yajin aikin jami'a na bara na zo gida da gilasai shida, na tsoma su a kwanon zoɓo. Inna ta ɗanɗana, ta ce, "Wai shi ɗan nan, haka zai sha abu salam kamar mara uwa?" Ta zuba sukari da kanumfari. Farin ya ɓare daga gilasan, aikina ya koma baya wata huɗu. Tun ranar Inna ba ta sake dafa zoɓo ba. Ta faɗa wa Gwaggo Maimuna a gaban mutane wai ita ta ɓata min karatu.

Jama'a, ba ita ba ce. Na sake gwadawa sau uku da sukari. Ƙarfin lantarkin ya ragu, amma farin bai ɓare ba. Ni ne na cire gilasan daga wuta bayan minti goma, don ina saurin kama motar gida. Na san haka wata tara ke nan, kunya ta hana ni faɗa.

Inna, a gaban mutane kika ɗauki laifin, a gabansu nake karɓar abina. Ki yafe min.

Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.