Kaka Mai Nutso a Teku

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Rakiya ce daga Fallowfield, Manchester.

A hutun bana ƙawata 'yar Koriya, wadda muke flat ɗaya, ta kai ni ƙauyensu na bakin teku. Kakarta, tsohuwa tukuf, tana nutso har ƙasan teku da numfashinta kawai, ta ɗebo dodon koɗi. Da muka je, na durƙusa zan gaishe ta, ita ma ta durƙusa, muka zuba wa juna ido har dariya ta ƙwace mana. Ta sa jikarta ta gaya mini, "Baɗi tare za mu shiga."

Ni 'yar Gusau, ko rafi ban taɓa shiga ba, amma na fara koyon iyo a unguwar Levenshulme, nan Manchester. Masu sauraro, ta yaya zan gaya wa Innata ba tare da ta yanke jiki ta faɗi ba?