Man Gara

A wata rumfar baƙin mai da ke Ƙofar Dumi, wani kafinta da wani direba suka kama jarka ɗaya ta tsohon man da aka juye daga mota.

"Sakar min, malam," in ji kafintan. "Katakon rufin da za a kawo min Zungur zan shafa wa saboda gara."

"Katako? Ni a inji zan zuba, ragowar in ƙara wa giyar mota."

"Wannan mai tsakuwa a ciki? Ga sabo can a kan kanta."

"Wancan ai ruwa ne, na motocin 'yan ofis ɗin Gwallameji. Tsohuwar gingimari kauri take so. Kai me ka sani ban da zarto?"

"Ko ni mai zarton na san man giya daban yake."

"Ita motar ba ta sani ba. Sau biyu kacal ta kwana a hanya watan nan."

"Ina tausayin mai kayan da ka ɗauko. Wacce ce motar?"

"Shuɗiyar can, mai lodin katako. Zungur zan kai."

Kafintan ya saki jarkar.

"Ashe kai ne direban da ɗan kamasho ya samo min. Riƙe manka, zo ka sauke min katakona."